Jagorar Zaɓa wa Yaro Ƙaramar Amfilifayar Koyon Jita

Yawancin ƙananan amfilifayoyin da ake kawo mini gyara daga Aboabo, Sawaba, Asawase da sauran unguwannin Asokore Mampong a Kumasi, ciwonsu bai wuce uku ba. Wata an saye ta da ƙarfin da ya fi ɗakin, maƙwabta suka yi ƙorafi, aka tura ta ƙarƙashin gado har danshi ya lalata ta. Wata daga Amurka aka aiko da ita, aka soka a soket ɗinmu, ta yi hayaƙi tun ranar farko. Wata kuma an karya mata ƙafar filogi don ta shiga inda ba wurinta ba, ta koma tana jan yaro a yatsu. Duka ukun a wurin saye aka ɗauko su, kuma da an san abin dubawa da ba a kai ga mai gyara ba.

Na rubuta wannan jagora ce domin uba, uwa, kawu ko yaya da ya amince wa yaro ya koyi jita, yake kuma son ya kashe kuɗinsa sau ɗaya. Abin da nake so ku riƙe shi ne: amfilifayar mai koyo ta ɗakin kwana ce, ba ta filin biki ba. Wadda ta dace ita ce mai fitar da sauti tas ko an yi ƙasa da murya, wadda ta yi daidai da wutarmu, wadda yaro zai kunna kullum ba tare da ya tayar da gida ba. Lambar wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce ta ƙarshe a lissafi.

Kayan da za ku tanada kafin ku fita

Jitar yaron kanta. Amfilifaya da jita tare suke yin sauti, don haka gwaji da jitar shago ba zai gaya muku abin da za ku ji a gida ba.

Kebul na jita mai kai milimita 6.35, wato kwatan inci, tsawon mita 3. Wannan tsawon ya ishi ɗaki, kuma ba ya harɗe ƙafa.

Hedifon mai rufe kunne, mai ƙaramin kai milimita 3.5.

'Yar na'urar saita tsirkiya wadda ake maƙalawa a kan jita. Jitar da ba a saita ba, kowace amfilifaya aka sa mata muni za ta yi.

Sabbin batura AA guda 6, idan mai batir za ku gwada.

Wayar hannu mai tocila, don karanta ƙananan rubutun bayan akwati da ɗaukar hotonsu.

Mutum ɗaya da ya iya kaɗawa, malamin yaron ko wani ɗan ƙungiyar kiɗa. Sai shi kansa yaron, domin kunnensa da yatsunsa ne za su zauna da kayan.

Mataki na 1: Ku tabbatar jitar tana buƙatar amfilifaya

Ku duba jikinta. Idan akwati ce mai rami a tsakiya, ba ta da kafar soka kebul, to ita kaɗai take ƙara sautinta, kuma kuɗin amfilifaya ya huta. Da irin wannan jitar Kumasi ta yi suna. Da ita Kwame Asare da abokansa na Kumasi Trio suka je Landan suka naɗi faifai a 1928, kuma da ita Koo Nimo ya zaga duniya. Yaron da wannan salon yake so, sabbin tsirkiyoyi da malami nagari yake buƙata.

Idan kuwa jikinta katako ne tumbur, da maganaɗisu jere a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wannan ce jitar lantarki. Maganaɗisun suna mayar da girgizar tsirkiya 'yar siririyar wuta, amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta mayar da ita sauti. In babu amfilifaya, yaron zai riƙa dukan tsirkiya da ƙarfi don ya ji kansa, hannunsa ya saba da nauyi, kuma gyara wannan ɗabi'a daga baya aiki ne.

Ku kuma ƙirga tsirkiyoyin. Shida sirara, jita ce. Huɗu masu kauri, bes ce, kuma tana da tata amfilifayar dabam. Sautin bes yana tura takardar lasifika gaba da baya da nisa, har ya iya yaga ta ƙaramar amfilifayar jita. Haka nan kada ku soka jita kai tsaye a rediyon gida ko lasifikar Bluetooth mai kafar makirufo. Za ta yi ƙara, amma sautin zai fito busasshe ko a dagule, domin ba don maganaɗisun jita aka ƙera wannan kafar ba.

Mataki na 2: Ku auna ɗakin kafin ku auna wat

Yawancinmu a Zango gidan haya muke, ɗaki na jingine da ɗaki, tsakar gida ɗaya, wani lokacin ma rufin kwano ɗaya babu silin. A irin wannan gida, amfilifaya mai wat 3 zuwa 20 ta isa har ta yi saura.

Ga dalili. Kunne ba ya jin ƙara daidai da yadda wat ke ninkuwa. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ake ƙarawa, bambancin da da ƙyar za ku lura da shi. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ke nan mai wat 100 ninki biyu kawai ta fi mai wat 10 a kunne, alhali ta fi ta nauyi, tsada da cin mita. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wat ɗaya tak a lasifikar jita yana iya kai wajen desibel 90 ga wanda ke zaune mita ɗaya daga gabanta, kuma wannan ya riga ya wuce abin da ɗakin kwana ke ɗauka.

Babbar amfilifaya tana da wata matsalar. Daga shiru zuwa tsawa ɗan murɗi kaɗan ne, yaro ba ya iya samun tsaka-tsaki. Masu shago da yawa a unguwar kasuwanci ta Adum da coci-coci da ƙungiyoyin biki suka saba ciniki, don haka hannunsu kan fara nuna babba, su ce yaro zai girma ya same ta. Amfilifaya ba rigar sallah ba ce da ake ɗinkawa da girma don baɗi.

Abin da ya fi wat tasiri ga daɗin sauti shi ne faɗin lasifika. Inci 3 ko 4 tana da sauƙin ɗauka amma sautinta siriri ne. Inci 6 zuwa 8 tana da ciko. Misalai don ku gane ajin da nake nufi: Blackstar Fly 3 wat 3 ce da lasifika inci 3, Boss Katana Mini wat 7 da inci 4, Fender Frontman 10G wat 10 da inci 6, Orange Crush 12 wat 12 da inci 6, Fender Champion 20 wat 20 da inci 8. Ba lallai ku sami waɗannan sunaye ba, amma duk wadda ta faɗo cikin wannan aji tana cikin abin dubawa.

Mataki na 3: Ku juya bayanta ku karanta lambar wuta

Wannan matakin shi ke ceton kuɗi. Wutar da kamfanin lantarki na ECG ke kawowa gidajenmu bolt 230 ce. A bayan kowace amfilifaya, kusa da inda wayar wuta ta shiga, akwai rubutu. In kun ga 230V ko 220–240V, tamu ce. In kun ga 100–240V, ko'ina tana aiki. In kun ga 120V, ta Amurka ko Kanada ce. In kun ga 100V, ta Japan ce.

Kayan hannu na biyu da ke shigowa a kwantena, da waɗanda 'yan uwa ke aikowa daga New York ko Toronto, da yawansu 120V ne. Aka soka irinsu a soket ɗinmu, kusan ninkin wutar da aka yi su dominta ke shiga. In an yi sa'a fis ne zai tsinke. In ba a yi ba, taransifomar ciki ta ƙone, gyaranta kuma yakan kusa kuɗin wata amfilifayar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ɗan adaftan canja baki a matsayin mai rage wuta. Wannan siffar filogi kawai yake canjawa, wutar na nan yadda take. Mai rage wuta na gaskiya taransifoma ce mai nauyi a hannu. In dole sai mai 120V ɗin za a yi amfani da ita, ku duba yawan wat ɗin da take ja daga bango, wanda aka rubuta kusa da lambar bolt, ku sayi taransifomar da ta ninka shi aƙalla sau biyu. Sannan ku naɗe filogin da na taransifomar da salatif, yadda ba mai raba su. Shawarata dai ga gidan da ke da yara, a nemi mai 230V kawai. Rana ɗaya wani ƙani zai zare ya soka a bango.

Mataki na 4: Ku duba filogi da wayar ƙasa

A jitar lantarki, tsirkiyoyin a haɗe suke da ƙarfen jikin amfilifaya ta cikin kebul. Duk sanda yaro ya ɗora yatsu a kansu, jikinsa ya haɗu da akwatin. Idan wata waya ta kwance a ciki ta taɓa ƙarfen, ƙafa ta uku ta filogi, doguwar nan ta sama, ita ce ke kwashe wutar ta kai ƙasa har fis ya tsinke. In babu ita, ta jikin yaron wutar za ta bi, musamman in yana tsaye ba takalmi a kan siminti mai laima. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, a gidansa wuta ta kashe shi a 1976 yana riƙe da jita.

Saboda haka ku ƙi duk amfilifayar da aka karya wa ƙafa ta uku, ko wadda wayarta ke da faci. Ku lura da filogin Jamus da maƙwabtanta mai ƙafa biyu zagayayyu: wayar ƙasarsa a wasu 'yan ƙarafa take a gefe. Idan aka tura murfin biro aka buɗe soket ɗinmu aka cusa shi, wuta za ta kawo, amma ƙasa ba ta haɗu ba. Maganinsa mai gyaran wuta ya yanke shi ya ɗaura filogi mai ƙafa uku: ruwan ƙasa zuwa wuta, shuɗiya zuwa ta dawowa, mai kore da rawaya zuwa ƙasa, da fis na amfiya 3. Fis na amfiya 13 da ke zuwa cikin sabon filogi ya yi wa ƙaramar amfilifaya yawa.

Filogi mai kyau ba ya amfani in soket ɗin ɗakin ba shi da ƙasa, kuma tsofaffin gidaje da yawa haka suke. Ku sa mai gyaran wuta ya auna. Ɗan gurnanin da ke raguwa in an taɓa tsirkiya ba laifi ba ne. Amma in yaro ya ce yana jin tsitsitsi a yatsu ko a leɓe, a zare daga bango nan take, kada a sake kunnawa sai an duba.

Mataki na 5: Ku zaɓa tsakanin mai batir da mai soket

Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 ba sai an ba shi labari ba, kuma har yau wuta kan ɗauke ta dawo da ƙarfi. Mai batir tana da fa'ida uku a nan. Darasi ba ya tsayawa don an ɗauke wuta. Yaro zai iya ɗaukarta zuwa gidan malaminsa a jakar makaranta ko a Pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya. Mafi girma kuma, in da batir take aiki babu abin da ya haɗa yaron da wutar bango, don haka maganar jan wuta ta kau. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara goma, ko gidan da ba a tabbatar da wayoyinsa ba, ita nake zaɓa. Fly 3, Katana Mini da Roland Micro Cube duka da batura AA guda 6 suke aiki. Ku sayi batura masu caji da cajarsu, in ba haka ba kuɗin batir zai ishe ku.

Aibinta shi ne ƙaramar lasifika, kuma in batir ya yi sanyi sauti kan fara dagulewa, mutane su ɗauka ta lalace. In za ku haɗa ta da adafta, sai wanda aka yi dominta. Kada a ɗauko na dikoda ko na rediyo don kawai bakinsa ya shiga. Bolt ɗin na iya bambanta, kuma kayan jita da yawa tsakiyar bakin adaftansu alamar ragi ce, akasin yawancin kayan gida. Aka juya musu, sai ƙonewa. Akwai ɗan zane kusa da kafar da ke nuna wannan, ku gwada shi da na jikin adaftan.

Mai soket kuwa ta fi cikar sauti a kuɗi ɗaya. In ita kuka ɗauka, ku haɗa ta da irin na'urar kariyar da ake sa wa firiji, mai jinkirta wuta in ta dawo.

Mataki na 6: Kafar hedifon dole ce, kunne kuma amana ne

Kada ku sayi wadda ba ta da kafar hedifon. A yawancinsu, da an soka hedifon lasifika ke yin shiru. Da wannan ne yaro zai yi atisaye bayan ya taso daga makaranta ba tare da ya tayar da jaririn maƙwabta ko mai aikin dare ba. Ku nemi kuma kafar da aka rubuta Aux, inda ake haɗa waya don ya bi kiɗa ko darasi yana kaɗawa tare. Bin kiɗa shi ke koya masa riƙe lokaci.

Sai dai hedifon yana ɓoye ƙara daga kunnen iyaye. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 tare da ƙungiyar sadarwa ta ITU ya ba yara desibel 75 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3, lokacin yana raguwa da rabi. In an kai desibel 90, abin da ya rage awa ɗaya da kwata ne a mako gaba ɗaya. Jijiyoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa.

Ba sai kuna da na'urar awo ba. Ku tsaya nisan hannu daga yaron ku kira sunansa da muryar hira. In bai ji ba, a rage. In ya cire ya ce kunnensa na yin ƙara ko ya toshe, an wuce iyaka, a huta ranar. Ku sa ɗigon fenti ko ɗan salatif a inda maɓallin murya zai tsaya, ku ce masa nan ne iyaka.

Mataki na 7: Ku fifita maɓallai kaɗan da sauti tsabtatacce

Iri uku za ku tarar. Mai taransista ita ce mafi araha da juriya, ita ce ta mai koyo. Mai kwalabe, wadda ke da 'yan gilasai masu haske a ciki, ƙwararru na sonta, amma tana zafi, tana da nauyi, kwalabenta na fashewa, kuma cikinta akan sami bolt ɗari uku ko fiye da ke iya zama a ajiye ko bayan an zare ta. Ba ta yaro ba ce ko kyauta aka ba ku. Ta uku mai kwamfuta ce a ciki, tana kwaikwayon sautuka iri-iri, kamar Fender Mustang LT25. Tana da kyau ga matashin da ya fara nisa, amma ƙaramin yaro kan ɓata rabin lokacinsa yana latse-latse.

Maɓallai huɗu sun isa. Wanda aka rubuta Volume shi ne murya. Gain yana ƙara ƙarfin da ke shiga har sauti ya fara kaushi. Treble na sirantawa, Bass na kaurarawa. Wasu maɓalli ɗaya suke da shi mai suna Tone.

Yara na son kaushin nan, musamman waɗanda ke kallon Bombino na Agadas da Mdou Moctar a waya. Ba laifi a bar musu shi a ƙarshen darasi. Amma kaushi yana rufe kuskure: yatsan da bai danne da kyau ba, da tsirkiyar da ta yi ƙara ba a so ba, duk sai su ɓace cikin hayaniya. Sauti tsabtatacce shi ke tona su a gyara, kuma shi ne sautin hailaif ɗinmu. Shi kansa Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko a jihar Tawa. Hannun ya riga kayan zuwa.

Mataki na 8: Ku gwada a shago, bi da bi

Gani ya kori ji, kada ku karɓi kwali a rufe. Ku bi wannan tsari.

Da farko a mayar da duk maɓallai sifili, a kunna ba tare da jita ba, a ɗaga murya zuwa rabi. Ɗan huci kaɗan ba komai. Gurnani mai ƙarfi alamar ciwo ce a sashen wuta.

A rage, a soka jita, a murɗa kowane maɓalli a hankali daga farko zuwa ƙarshe. Ƙaras-ƙaras na nuna ƙura ko tsatsa a ciki. Ana wanke shi da feshin tsabtace kayan lantarki, amma dalili ne na rage farashi.

A girgiza kan kebul a cikin kafar. In sauti na yankewa, a gwada wani kebul. In ya ci gaba, dalmar kafar ta tsage.

A kaɗa tsirkiya mafi kauri ita kaɗai, a bar ta ta mutu da kanta. In kun ji zizar takarda, lasifikar ta yage ko tana gogar ciki. Ku haska tocila ta cikin raga ku gani.

A soka hedifon, a tabbatar kunne biyu na ji kuma lasifika ta yi shiru. A gwada Aux da waya. In mai batir ce, a buɗe gidan batir a duba farin gari ko tsatsa.

A bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar, domin wasu cututtukan sai ta ɗumama suke fitowa. Ku shinshina bayanta. Warin ƙuna, a ajiye.

Na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci: a yi ƙasa da murya zuwa yadda za a yi a gida, a miƙa wa yaron. Shago na da hayaniya, mai sayarwa kuma zai so ya ƙure ta don ta burge. Ku da ƙaramar muryarta za ku zauna.

Mataki na 9: Ciniki

Kada amfilifaya ta cinye kuɗin duka. Ku ware na kebul, hedifon, batura ko na'urar kariya, da kuɗin mai gyara da zai saita wuyan jitar ya sauke tsirkiyoyi. Tsirkiya mai tsayi tana yanka yatsu, kuma ta fi mugun sauti korar yara daga koyo. A kebul kada ku bi araha, araha ba ta ado. Mai kyau yana da raga a ciki da ke tare gurnani, kansa kuma ana kwance shi a gyara. Kebul ɗin lasifika kamarsu ɗaya a ido amma ba shi da ragar, ku tambaya.

Ku zaga shago biyu ko uku tsakanin Adum da kasuwar Kejetia kafin ku yanke. In dattijo ne ke cinikin, a tabbatar da wane lissafi ake magana, domin tun canjin kuɗi na 2007 har yau akwai masu kiran sidi 100 miliyan ɗaya. Ku karɓi rasit mai ɗauke da sunan kayan da lambar jikinsa, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa a rubuce. In a intanet kuka gani, kada ku tura ko kwabo ta MoMo, wato ta waya, sai kun haɗu a wuri mai jama'a da soket, kun yi gwajin Mataki na 8. Tsohuwa mai sunan kamfani sananne takan fi sabuwa marar suna, domin ana samun kayan gyaranta. Ku duba rubutun tambari da kyau, jabu na yawo.

Mataki na 10: Girkawa a gida da koya wa yaro ladabinta

Ku ɗora ta a kan benci ko kujera, tana fuskantar yaron, nesa da bangon maƙwabci. In tana ƙasa, ƙafafunsa sautin yake duka, sai ya yi ta ƙara murya. Ga ruwan shara da na damina. Ku nisanta ta da randa, bokiti da taga.

Ku koya masa tsari ɗaya har ya zame masa jiki: murya a sifili, kebul a jita, kebul a amfilifaya, sannan a kunna, a ɗaga a hankali. Wajen kashewa, a rage, a kashe, sannan a zare. Zare kebul tana kunne shi ke sa ƙarar fashewar nan mai wahalar da lasifika da kunne. A kama kan kebul a ja, ba wayar ba. Hannu a bushe, takalmi a ƙafa, kuma bayan akwati ba wurin yaro ba ne. In hadari ya taso da tsawa, a zare daga bango. Saitin farawa: Gain ƙasa, Treble da Bass a tsakiya.

Da hunturu a rufe ta da kyalle saboda ƙura. Da damina kada a naɗe ta a leda, danshi zai taru; a riƙa kunna ta ko sau ɗaya a mako. In za a daɗe ba a taɓa ba, a cire batura.

Ku yanka masa lokaci: minti 20 zuwa 30 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Da an kira sallah a kashe, haka lokacin karatun makaranta, da in ana zaman makoki a gida ko maƙwabta. Ku gaya wa mai gida da maƙwabtan ɗaki tun kafin su ji da kunnensu. Wanda aka nemi izininsa yakan yi haƙuri da abin da wanda aka yi wa ba-zata ba zai ɗauka ba.

Yaushe za a sauya ta?

Sai ranar da yaron ya fara kaɗawa da mai ganga, ya ƙure muryarta amma ba a jinsa. A lokacin ne ake maganar wat 40 ko 50 da lasifika inci 10 ko 12, kuma a lokacin kunnensa ya nuna, shi zai zaɓa da kansa. Kafin nan, duk kuɗin da ya samu a zuba shi a darasi da sabbin tsirkiyoyi. Ƙaramar kuma kada a sayar. Manyan makaɗa ma da irinta suke atisaye a gida, kuma in an kula da ita za ta kai ga ƙaninsa.